Bakin Tsaga

Litinin, hutun rana

Na ga tsaga a gadar ƙugiya. Ina rubutawa a nan don in ga da idona cewa na faɗa, tunda a ofis an ce in bari a duba.

Ƙugiya ita ce injin ɗaga kayan da ke yawo can saman rumfar masana'antarmu, a kan wata doguwar gadar ƙarfe. Tsagar tana gefen walda, daidai inda ɗan ɗakin direba yake rataye. Tsawonta bai wuce ɗan yatsana ba. Na goge wurin, na fesa jan ruwa, na jira ya shige, na share, na fesa farar hoda, sai ga jan layi siriri ya fito kamar an ja shi da biro. Shekaru ina duba lafiyar ƙarfe a nan, ban taɓa ganin tsaga a wuri irin wannan ba sai yau. Wanda ke zama a ɗan ɗakin nan daga safe har yamma Auta ne, ƙanena. Ni na kawo shi aikin.

Manaja ya kalli hoton a wayata ya ce, "Wannan ai fenti ne ya karce, Injiniya." Na ce karcewar fenti ba ta shan jan ruwa. Ya ce to a sa ido. Yana maganar yana kallon tagar da ke leƙa rumfa, bai kalle ni ba.

Litinin, da magariba

A wurin cin abinci na gaya wa Auta. Ban so Inna ta ji ba, amma Inna kunne gare ta kamar na mage. Ta ajiye cokali, kuma na san wa ta tuna. Ba zan rubuta maganar Baba a nan ba.

Auta dariya ya yi. Ya ce, "Yaya, ke ko a jikin kofi sai kin hango tsaga. To mene ne maganinta?" Na ce, "A kashe mata baki, kafin a kawo sabon ƙarfe." Ina shirin yi masa bayani jaririyarsu ta fasa kuka, matarsa ta miƙa masa ita, zancen ya wuce.

Laraba, da hantsi

Na zauna na yi wa Manaja bayani dalla-dalla, kamar mai koyar da yara. Na ce tsaga ba a tsakiyarta take da haɗari ba, a bakinta ne, wannan tsinin da take ƙarewa, mai kaifi kamar bakin reza. Duk nauyin da aka ɗaga a nan yake taruwa. Kowace ɗagawa tana buɗa ta kaɗan, kowace saukewa tana rufe ta, tana ci gaba a hankali ba mai gani. Ran da ta kai wani tsawo kuma ba ta jiran kowa. Na ce ya taɓa ganin tela ya ɗan ciza yadi da almakashi, sannan ya ja shi ya yage har ƙarshe? Haka take tafiya. Na ce a tsayar da ƙugiya, a huda rami zagaye a daidai tsinin don nauyin ya watsu, wato a kashe bakin, sannan a sauya ƙarfen.

Ya ce bayanin ya yi kyau. Ya ce akwai wani babban tanki da za a loda wa mai shi nan ba da daɗewa ba, in an gama da shi sai a yi duk abin da nake so. Kafin nan in riƙa aunawa, idan ta ƙaru da kansa zai kashe wuta. Na amsa, kuma tun ina kan matakala na fara jin haushin kaina.

Juma'a, da safe

Na hau na auna. Ba ta ƙaru ba.

Litinin, da safe

Ta ragu.

Na maimaita gwajin har hannuna ya yi ja zur. Jan layin ya gajarta da kusan faɗin farce. Na zauna a kan ɗan titin ƙarfen da ke gefen gadar, ƙafafuna na lilo, ina kallon hulunan kwanon mutane a ƙasa. Tsaga ba ta warkewa. Ba ciwo ba ce da za ta yi ɓawo. In ta ragu a ido, to wani ne ya taɓa ta.

Talata, hutun rana

Na duba da gilashin ƙara girma. Ƙarfen gefen tsagar ya yi ƙyalli, ya lotsa ƙanana-ƙanana. Wani ya bubbuga wurin da guduma, ƙarfen sama ya kwanta ya rufe tsagar, jan ruwa ya daina shiga. Tana nan a ƙasa tana aikinta, an dai ɗaure min ido ne. Kuma wanda ya yi ya iya hannunsa, bugun a jere yake, ba na mai gaggawa ba ne.

Wa ke da guduma irin wannan, mai zagayayyen kai? Dogo, shugaban masu walda. Wa ya yi waldar nan tun asali? Dogo. Yau da na sauko ya ce, "Injiniya, yaya mara lafiyarki?" Yaransa suka yi dariya. Tun yaushe Dogo yake tambayata lafiyar wani abu?

Na kai wa Manaja maganar. Ya jingina da kujera ya ce, "To madalla, ta ragu ke nan." Na ce ba raguwa ba ce, rufe ta aka yi. Ya ce, "Wa ya rufe?" Na ce ban sani ba tukuna. Ya ce, "Ke kika zaɓi gwajin, ke kika yi shi da hannunki, ya nuna sauƙi, yanzu kuma kin ce ƙarya yake. Wanne zan ɗauka?" Ya yi tambayar a natse. Natsuwar ce ba ta yi min ba.

Laraba, da yamma

Na nemi a aro na'urar da ke leƙa cikin ƙarfe da sauti, wadda ba ruwanta da abin da aka shafe a sama. An ce tana wani wuri ana aiki da ita. Wa ya ce? Sakatariyar Manaja. Wa ya gaya mata? Oho.

Alhamis, da safe

Na fara lura da abubuwan da ban taɓa lura da su ba. Makullin ƙofar tsanin gada yana rataye a ƙusa a ɗakin masu gadi, duk wanda ya wuce zai iya ɗauka. Mai gadi ya ce shi bai ga kowa ba, amma kafin ya amsa sai da ya waiga. Dogo da Manaja sun tsaya a bakin sito suna magana, da na matso suka koma zancen ƙwallo. Mai shayi ya kawo min kofi ban aike shi ba. Ban sha ba, kuma na san wannan ya wuce hankali.

Na leƙa akwatin kayan Dogo lokacin da ya tafi wanke hannu. Ni, da girmana. Gudumarsa tana nan, kanta duk tsatsa, da alama ta daɗe ba ta taɓa komai ba. Wataƙila yana da wata.

Asabar, da hantsi

Inna ta same ni ina wanki ta ce, "Kin rame. Abin nan na wurin aikin ne?" Na ce aiki ne kawai ya yi yawa. Ta ce, "Ke kika ce min wurin ba irin wanda ya cinye Babanku ba ne." Na ce haka ne. Ta tsaya kaɗan tana kallon kumfa, ta tafi.

Auta kuwa a tsakar gida yana jefa 'yarsa sama yana cafewa, yana rera mata waƙar da ya ƙirƙira. Kwanan nan fara'arsa ta ƙaru, har tashi yake da wuri ya riga ni fita. Na ce masa ya riƙa sauraren gadar in yana ɗaga abu mai nauyi, in ya ji wani ƙara daban ya sauke nan take. Ya ce, "Yaya, ki kwantar da hankalinki, ba abin da zai faru." Haka kowa ke cewa.

Litinin, da safe

Saura rabinta ake gani. Tsaga ba ta warkewa.

Talata, hutun rana

An sa ranar tankin, Alhamis ta sati mai zuwa. Shi ne kaya mafi nauyi da ƙugiyar nan za ta ɗaga a bana.

Na tare Dogo a bayan rumfa na tambaye shi kai tsaye. Na ce, "Kai ka buga wurin?" Ya cire safar hannunsa a hankali ya ce, "Injiniya, in da zan ɓoye aikina, narkakken ƙarfe zan zuba in goge in shafa fenti, har ki yi ritaya ba za ki gani ba. Ban hau gadar nan ba tun bara." Ya ji haushi sosai. To amma mai laifi ma yana jin haushi.

Gobe zan riga kowa zuwa.

Laraba, da sassafe

Na shigo rumfa fitilu ba a kunna ba, sai hasken da ke shigowa ta rufi. Na tsaya bayan tarin bututu. Ban daɗe ba na ji shi daga sama, ƙwas, ƙwas, ƙwas, a jere. Na hau tsanin a hankali, ina shirya abin da zan faɗa wa Dogo.

Bayan rigar na fara ganewa. Ni na saya masa ita.

Yana kwance rub da ciki a kan ɗan titin, ko igiyar tsaro bai ɗaura ba, da 'yar guduma a hannunsa. Ya juyo ya gan ni, sai ya washe baki. Ya ce, "Kash, Yaya, kin ɓata min shiri. So na yi sai ta rufe duka in kira ki ki gani." Na ƙarasa hawowa. Ya ce, "Ai ke kika ce a kashe mata baki. Na ga Manaja yana ta ja miki rai, na ce bari in rage miki aiki. Duba, bakin ya kusa haɗewa."

Ni tsinin nake nufi. Shi ya ɗauka bakin da take buɗewa ne, kamar na mutum, a rufe shi ta yi shiru.

Na zauna a gefensa na yi masa bayanin da ban ƙarasa ba ran nan. Ina magana fara'ar tana barin fuskarsa. Ya ce, "Ke nan ba ta ragu ba?" Na ce ban san inda ta kai ba yanzu, kuma saboda bugun nan ba wanda zai yarda da ni. Ya kalli gudumar, ya kalli ƙasa can nesa. Ya ce, "Kar ki faɗa, Yaya. Direba ba shi da izinin hawa nan. Korata za su yi."

Sama da sati guda ina zargin duk wanda ya gaishe ni. Wanda nake nema kullum a gabana yake cin abinci.

Laraba, da yamma

Ban faɗa ba.

Alhamis, hutun rana

Na koma wurin Manaja da wata hanya. Na ce a ba ni yini guda in zuba ruwan da ke cinye saman ƙarfe, ya cire abin da aka lotsa, in sake gwaji. Ya ce yini guda ba ƙugiya, aikin tanki ya tsaya ke nan. Ya ce, "Kina ta cewa wani ya taɓa, wani ya taɓa. Kawo min mutumin, yanzu in kashe wuta, don in an taɓa gadar ba da izini ba, doka ce ta tilasta ni. In ba mutum, to zato ne, ni kuma ba na tsayar da masana'anta a kan zato."

Na fito. Har yanzu ban sani ba ko ya san wane ne yana so in faɗa da bakina, ko kuwa ya tabbata ba zan iya kawo kowa ba. Mai gadi ya gaya masa? Me ya sa ya ce "kawo min mutumin" yana murmushi?

Juma'a, da magariba

Na kira Auta bayan gida. Na ce ya je ya faɗa da kansa, zai fi sauƙi, ni zan tsaya masa. Ya ce in ba shi zuwa Litinin. Na ce to ran tankin ya ce ba shi da lafiya. Ya ce, "Sai su sa wani ya hau. Shi ba ɗan wani ba ne?" Wannan karon shi ya fi ni gaskiya, kuma na ji kunya.

Ya ce, "Wataƙila fa ta ɗauka, Yaya. Kullum tana ɗauka." Na ce wataƙila. Abin da ke kashe ni ke nan a aikin nan, ba zan iya rantsewa za ta karye ran Alhamis ba. Ba zan iya rantsewa ba za ta karye ba.

Litinin, da yamma

Bai je ba. Ya wuce ni a ƙofar rumfa kansa a ƙasa.

Talata, da safe

Duk lokacin da ƙugiya ta motsa sai in ɗaga kai. Na kasa cin komai. Na je na ba Dogo haƙuri, ban gaya masa dalili ba. Ya dube ni ya dubi sama inda Auta yake, ya ce, "Ba komai, Injiniya." Shi ma ya sani ke nan? Ko kowa ya sani sai ni?

Laraba, da hantsi

Na shiga ofishin Manaja ban ƙwanƙwasa ba. Na faɗi sunan.

Ya ce, "Ƙaninki?" Na ce ƙanena. Na ce ba ɓarna ya yi niyya ba, maganata ce ya fahimta a baibai, in akwai hukunci a raba mana. Ya ce wannan ba a hannunsa yake ba. Ya ɗaga waya, ban gama fita ba na ji ƙarar ƙugiya ta mutu, rumfar ta yi tsit.

Na tsaya a gindin tsani Auta ya sauko. Mai gadi yana jiransa. Ya cire hular kwanonsa ya miƙa, ya wuce ta gabana, kafaɗarsa ta kusa taɓa tawa.

Alhamis, hutun rana

Dogo da kansa ya hau ya kwakule wurin da injin goga, ni ina riƙe da fitila. Muna bin tsagar tana tafiya. Ta wuce inda na fara ganinta, ta wuce inda aka bubbuga, ta karya kwana ta gangara cikin kaurin ƙarfen. Da muka kai ƙarshenta na ɗora hannuna, ta fi tafin hannuna tsawo. Dogo ya kashe injin ya zauna, ya share fuska da hannun riga. Ya ce, "Yau ne fa tankin." Na ce na sani.

Na sauko na shiga banɗaki na yi kuka son raina, na wanke fuska na koma aiki. An yi hayar wata ƙugiya mai taya daga waje ta loda tankin. Manaja ya zo ya kalli ramin ya ce, "Allah ya kiyaye." Ya ƙara da cewa dama shi tun farko hankalinsa bai kwanta ba.

Asabar, da yamma

An sallami Auta. Na je har wurin manyan masana'anta na yi magana, an saurare ni da ladabi, an ce doka ce.

Matarsa tana gaishe ni, amma ba ta ƙara miƙo min jaririyar ba. Inna ta kira ni ɗakinta ta ce, "Ke kika faɗi sunansa?" Na ce ni ce. Ta ce, "Da ba ki faɗa ba fa?" Na nuna mata tafin hannuna, na ce haka tsawonta ya kai. Ta kama hannun ta riƙe, ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce in je in ci abinci.

Lahadi, da safe

Tun Laraba bai yi min magana ba. In na shigo tsakar gida sai ya shige ɗaki. Na ce a raina ya yi fushin, yana da hakki, fushi ai na mai rai ne.

Yau ina shanya ya fito da buta. Ba hanyar kaucewa, igiyar shanya ta tare masa gaba. Ya tsaya. Tun ran da ya fara magana a duniya Yaya yake ce min, da wannan kalmar ma ya fara kafin ya iya cewa Inna. Ya kalli gefen kafaɗata ya ɗan rusuna, kamar yadda ake yi a wurin aiki.

Ya ce, "Ina kwana, Injiniya."

Na ce lafiya lau. Na ɗaga masa igiyar ya wuce.